Agogon da Na Ɗaura wa Rijiya

Shanu arba'in da bakwai, rijiya ɗaya, wata uku kafin ruwan sama. Abin da na sa a gaba ke nan a bazarar shekarar da fari ya koro dabbobin Damagaram zuwa karar Maigatari, ba a daɗe da canza kuɗi ba. A cikinsu akwai bijimai tara da maruƙa biyar, sauran shanu mata ne da karsana. Na saye su a rame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, kuma duk abin da na tara tun ina yawon sayen fata a kan keke yana tsaye a kan ƙafafunsu. In sun ga ciyawar damina na zama mutum. In ba su gani ba, keken yana nan a zaure, ban sayar ba.

Abinci bai dame ni ba, don tun kaka na tanadi harawa da dusa a Gagarawa. Ruwa ne magana. Na yi ta tambaya har aka nuna mini wani ƙauye a bayan Ɗanzomo, ƙasar Sule Tankarkar, mai rijiyar da ba a taɓa jin ta ƙafe ba. Zurfinta gaba ashirin da wani abu. Ba da hannu ake ja ba, sa ake ɗaura wa igiya ya yi tafiyarsa, igiyar na bi ta kan wani ɗan gungume mai juyawa a bisa gwafa, har wasaki, wato babban gugan fata, ya iso baki a juye shi a komi, inda dabbobi ke sha.

Bulaman ƙauyen ya karɓe ni da mutunci, ya faɗa mini tsarin rijiyar. Da asuba ta mata ce, su ɗebi na gida. Daga nan sai garken Ardo, wanda rugarsa ta fi shekara talatin a wurin. Sai shanun noman mutanen gari. Ni baƙo, ni ne na ƙarshe, bayan azahar. Kowane garke wasaki arba'in, in an cika a ba na baya igiya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke ƙirgawa?"

Ya nuna mini gindin wani gawo. Wani tsohon Bafulatani ne kwance a kan buzu, ya kife malfa a fuska, ƙafa ɗaya kan ɗaya. A gefensa ƙoƙo biyu. Kowa Baffa yake ce masa, har Bulama. A ƙoƙo ɗaya akwai ƙwallayen aduwa arba'in, sun sha hannu har suna ƙyalli. Duk wasakin da aka juye sai ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya sa a ɗaya ƙoƙon. In na farko ya ƙare ya ƙwanƙwasa shi da sanda ya ce, "A sauya." Shi ke nan hukuncin, ba a ɗaukaka ƙara.

Na je na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗaga malfar ba ya tambayi daga inda nake, na ce Gumel.

Ya ce, "Bamange da shanu? Allah ya jiƙan shanu."

Mu Mangawa, Fulani sun haɗa mu da Barebari a wasa, saboda haka ban bar shi ba. Na ce, "Baffa, gara a hannuna, ko ba komai ba zan tatse su in bar maruƙa da kuka ba." Ya yi dariya malfar na rawa a kan hancinsa. Daga ranar duk zuwana sai mun taɓa.

Ni ba mazauni ba ne. Alhamis ina Maigatari, wata rana Gumel, wata rana Gagarawa, a kan babur. Na bar shanun a hannun wani makiyayi Bafulatani da na ɗauka, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda magana ke yi wa wuya kamar an ce ya biya mata haraji. Nakan iso da hantsi in duba dabbobi, in ci fura, in wuce kafin rana ta take.

To, ni kasuwa ce ta rene ni. Na ga mudun da aka bubbuga wa gindi ya shige ciki, na ga fatar da aka jiƙa don ta yi nauyi, na ga tsohuwar saniya da aka goge wa ƙaho ta koma yarinya. Wanda ya ga waɗannan ba ya ganin mutum kwance da malfa a fuska ya yarda cewa ƙirga yake yi. Wata safiya na jingina da babur, na yi kamar ina gyaran madubi, na ƙirga wasakan Ardo da yatsu. Baffa bai ce a sauya ba sai a na arba'in da uku.  Mako ya zagayo na sake, arba'in da huɗu. Na bincika, aka ce mini Ardo surukin Baffa ne, 'yarsa yake aure. Na ce a raina, to ga inda gizo ke saƙar.

Nawa wasakan ban ƙirga ba. Lokacin da ake ja mini ina can kan hanya, kuma mutum ba ya tsayawa ƙirgar abin da yake ganin an riga an rage masa. Na ɗauka in an ƙara wa suruki uku, a jikin baƙo aka yanka.

A Maigatari na samo maganin abin, a wurin wani direban babbar mota ɗan Damagaram da ke sayar da tarkacen ƙarafa a kan tabarma. Wani ɗan ƙarfe ne bai fi kan ɗan yaro girma a dunƙule ba, mai tagogi huɗu da lambobi a ciki, da ɗan harshe a sama. In an taɓa harshen sai ya ce ƙas, lamba ta ƙaru da ɗaya. A gefe akwai kunne, in an murɗa duk tagogin su koma sifiri. Ya ce daga jikin wani injin cika buhu aka ciro shi, kontar yake kiransa irin na mutanen can. Na danna shi sau ɗari ina ƙirgawa, bai ƙara ba bai rage ba. Na ce wannan ba shi da suruki.

Na ɗauko wani mai gyaran keke daga Gagarawa a bayan babur. Ya ɗaure ƙarfen a jikin gwafa da waya, ya yi wa igiya babban ƙulli kusa da wasaki, yadda duk sa'ad da wasaki ya iso baki ƙullin zai bugi harshen. Gwajin farko bai yi kyau ba. In san da ke ja ya tsaya yakan ɗan ja da baya ya sake matsawa, sai ƙullin ya buga sau biyu, wasaki ɗaya ya zama biyu. Matan da suka tsaya kallo da tuluna suka fara guɗa ta tsiya, wata ta ce ashe ƙarfen ma ɗan kasuwa ne. Mai gyaran keke ya yanko robar taya ya ɗaure harshen ta yadda in ya faɗi ba zai tashi ba sai igiya ta koma ƙasa. Daga nan ya daidaita, wasaki ɗaya ƙas ɗaya. Kafin yamma gari ya raɗa masa suna, agogon Bamange.

Muka taru a gaban Bulama. Ban zargi kowa a fili ba, na ce dai Baffa ya manyanta, ya kamata a hutar da shi. Sai aka zo kan karatun lambar, don ba mai boko a cikinsu. Na danna har arba'in na nuna wa Ardo. Ya leƙa tagar ya daɗe yana kallon huɗu da sifirin, ya ce, "Wato in na ga kujera da ƙwai a gabanta, na sha ke nan." Na ce haka ne. In za a fara wa wani, a murɗa kunne a gaban mutum biyu har a ga ƙwai huɗu.

Bulama ya juya wajen Baffa ya ce me ya gani.

Baffa ya ce, "A ba ƙarfe aikinsa. Ni ma yatsuna sun gaji."

Saurin yardarsa ya sa na yi zaton za su bari in tafi su kwance abin. Sai na ƙara ɗaure maganar da kaina. Na ce a yi alkawari a gaban Bulama, daga yau har ruwan farko ya sauka, abin da agogo ya nuna shi ne hukunci, ba mai jayayya, ko ni ko wani. Ardo ya dubi Baffa, Baffa ya dubi ƙoƙunansa. Aka shafa fatiha.

A hanyar komawa wurin shanu makiyayina ya yi mini doguwar magana irin wadda bai taɓa yi ba. Ya ce, "Maigida, da an bar Baffa da ƙwallayensa." Na ce masa na san jini ya fi ruwa kauri, ya je ya ji da shanu. 

Kwana uku ina Gumel, ina ba abokaina labari a rumfar kasuwa yadda na gyara wa Fulani lissafi. Ran na huɗu na dawo, na ga shanun ba su yi mini ba. Idanunsu sun faɗa, suna bin duk wanda ya wuce da tulu. Na fasa tafiya, na zauna har azahar don in ga yadda ake ja mini.

Aka murɗa kunne, ƙwai huɗu. Sa ya ja, ƙas. Ya ja, ƙas. Ina ƙirgawa da yatsu, agogo na ƙirgawa, ba mu saɓa ba ko sau ɗaya. Tun kafin a yi kiran la'asar kujera da ƙwai suka bayyana. Na dubi komi, rabin shanun ba su kai baki ba, kuma babu abin da ya rage sai laka. Na ce wa makiyayi ya sake jefa wasaki ɗaya in gani, ba don sha ba. Da ya iso na leƙa. Ruwan bai kai rabi ba, shi ma ja ne.

Abin da ban taɓa tsayawa na gani ba ke nan. Rijiyar tana kwana tana taruwa, da safe wasaki ya nitse ya fito a cike. Kafin a zo kaina garke biyu da matan gari sun sha, ruwa ya ja baya, wasaki sai ya kwanta a gefe ya ɗebo abin da ya samu.

Na ce wa makiyayi, "Da can sau nawa kake ja?"

Ya ce, "Ban ƙirga ba, maigida. Nakan ja dai har rana ta yi ja, sannan Baffa ya buga ƙoƙo."

Na taka zuwa gindin gawo. Baffa na nan kwance inda yake, ba aiki, ƙoƙunan a kife. Na gaishe shi na zauna, na rasa ta inda zan fara. Shi ya taimake ni.

Ya ce, "Ɗan Gumel, yau ba kasuwa?"

Na ce, "Baffa, yaya kake ƙirgarka?"

Ya ce, "Yadda ake ƙirga. Ɗaya, biyu."

"Da malfa a fuska?"

"Ido me ya sani a rijiya? Cikakken wasaki in an juye shi a komi yana da muryarsa, rabi ma yana da tasa. In na ji rabi sai in riƙe ƙwallon a hannu, sai ɗan'uwansa ya zo in sake shi. In laka ce ban ji komai ba."

Na ce, "To ukun nan da ake ƙara wa Ardo fa?"

Sai a lokacin ya ɗaga malfar ya dube ni. "Ashe ka ƙirga. Wasakin Ardo ya tsufa, yana yoyo, ga shi da rowar sayen sabo. Ai shi ya sa ban so ba shi 'yata ba." Ya mayar da malfar. "Naka nawa ka samu da ka ƙirga?"

Na ce ban ƙirga ba. Ya ce shi ma bai riƙe ba, amma ba ya jin an taɓa ja mini ƙasa da sau sittin da biyar.

A nan ya kamata in ba da haƙuri a wuce wurin. Ban yi ba. Ni na nemi alkawarin, ni na sa aka shafa fatiha, kuma na riga na cika rumfar Gumel da labari. Magana zarar bunu ce. Na ce zan san yadda zan yi. Na raba shanun biyu, rabi su sha yau rabi gobe. Na sa aka kora masu ƙarfin zuwa wani tafki da aka ce akwai sauran ruwa wajen Gagarawa, suka yi wuni a hanya suka tarar da taɓo ya tsattsage. Na sa a jinkirta jefa wasaki ko ruwa zai taru, ya ƙara ɗan kaɗan, bai kai ya kawo ba. Kuma ruwan da ba a ja mini ba yana kwana a rijiya, da safe Ardo ya same shi. Shanunsa har sheƙi suka fara. Duk sanda na wuce sai ya ɗaga mini hannu ya ce a gaida agogo.

Kwana tara na yi a haka. Maraƙi ɗaya ya mutu. Wata saniya mai ciki ta kwanta ta ƙi tashi, muka yanka ta aka raba wa gari. Ran na tara wata jar karsana, wadda na fi so a garken duka, ta durƙusa a bakin komi, da ƙyar muka ɗaga ta da itace. Na hau babur na je Ɗanzomo na sayo goro, na dawo gindin gawo.

Na ajiye goron na ce, "Baffa, garin neman gira na rasa ido."

Ya laluba ya ɗauki ɗaya, ya ɓare, ya ce fari ne, ashe Mangawa sun san abin kirki in sun matsu. Na ce ina so a kwance ƙarfen. Ya ce ba za a kwance ba. Alkawarin da aka yi a gaban Bulama aka shafa masa fatiha ba a warware shi don shanun mutum ɗaya, in aka fara haka gobe rijiyar ba ta da doka.

Na ce, "To shanun su mutu?"

Ya ce, "Me aka yi alkawari a kai? Faɗa mini yadda ka faɗa ran nan."

"Abin da agogo ya nuna shi ne hukunci."

"An ce ga wanda zai zauna kusa da shi?"

Na ce ba a ce ba.

Ya tashi zaune, ya naɗe buzunsa, ya ce in kira masa Ardo da Bulama. Da suka zo ya bayyana abin da yake nufi. Zai dawo da shimfiɗarsa gindin gwafa. Tun wasaki na cikin rijiya yana jin nauyinsa a kukan gungume da takun sa. In mai nauyi ne ya bar ƙulli ya bugi harshe. In rabi ne ya sa sandarsa ya kautar da igiyar kaɗan, ƙullin ya wuce ta gefe, sai na biyun ya bari ya buga. Agogo zai ci gaba da nuna lambarsa, kujera da ƙwai su ne hukunci, ba wanda ya karya alkawari.

Bulama ya shafa gemu ya ce shi bai ga inda aka saɓa ba, amma Ardo ne zai rasa ruwan safe, sai abin da ya ce.

Ardo ya ɗauki lokaci, yana jin daɗin abin. Ya ce ya yarda bisa sharaɗi uku. Na ɗaya, sandar ta yi aiki a kan wasakinsa mai yoyo kamar yadda za ta yi a kan nawa. Na biyu, in kawo wa rijiya sabuwar igiya daga Gumel, don ƙullina ya cinye tsohuwar. Na uku, in tsaya a bakin rijiya da safe lokacin da mata suka cika, in faɗa da bakina cewa agogon Bamange bai iya ƙirga ba sai da sandar Bafulatani.

Na ce na biyun farko babu wuya, na ukun a rage mini.

Baffa ya ce, "Rabi kake so a karɓa a matsayin cikakke?"

Washegari na tsaya na faɗa. Wata tsohuwa ta ce ba ta ji ba, kunnenta ya yi nauyi, in maimaita. Na maimaita. Matar nan da ta ce ƙarfen ɗan kasuwa ne ta ce yanzu kam ya shiga makaranta.

Ran nan da azahar na zauna na kalli aikin. Baffa na kwance a gindin gwafa, malfa a fuska, sanda a hannu. Gungume ya yi kuka, sandar ta ɗaga ta taɓa igiya, ƙulli ya wuce shiru. Na leƙa wasakin, rabi. Na gaba ya zo ya bar shi, ƙas. Na bi shi da ido har rana ta yi ja ina neman inda zai yi kuskure, don hali ba ya barin mai shi. Sau sittin da takwas aka ja kafin kujera da ƙwai su fito. Shanun suka sha har suka juya da kansu. Jar karsanar ta sha, amma an makara, bayan kwana biyu ta tafi.

Haka muka yi sauran bazarar. Baƙi masu wucewa sukan tsaya kallon rijiyar da ke da agogo, su tafi suna yaba ci gaban ƙauyen, ba mai lura da tsohon da ke kwance a ƙasa. Da ruwan farko ya sauka aka kwance ƙarfen, na kai wa Baffa na ce ya riƙe, ko tasbihi ya riƙa ja da shi. Ya juya shi a hannu, ya miƙo mini. Ya ce abin da zai rubuta maka ɗaya ko da rabin zuciya ka yi, ba ya son ya saba da shi. Ya jawo ƙoƙunansa.

Shanu arba'in da bakwai na kai ƙauyen, arba'in da huɗu na kora Maigatari bayan damina, sun yi ƙiba har wanda ya sayar mini da su bai gane su ba. Maraƙi, saniya mai ciki da jar karsana, uku ke nan, huɗu in an haɗa da na cikin, duk a kwana goma sha biyu, duk da hannuna. Sai igiya ɗaya, da goro, da maganar da na faɗa sau biyu a gaban mata. Keken bai fito daga zaure ba. Ƙarfen yana cikin akwatina har yau, tagoginsa na nuna arba'in, ban murɗa kunnen ba.